Neman shawara kan gina gada a cikin kanel

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ɓangaren gada a cikin kanel, wato zuciyar wata ƙaramar manhajar tafiyar da kwamfuta, domin a haɗa katunan sadarwa na Ethernet biyu ko fiye su zama hanyar sadarwa guda. Teburin adireshin MAC, wanda ke nuna ta wace ƙofar gada ake samun kowace na'ura, yana aiki, amma da zarar na haɗa gadoji biyu da wayoyi biyu, sai saƙonnin gama-gari su yi ta kewayawa har komai ya tsaya cik. Shin in rubuta STP, ƙa'idar da ke toshe wasu ƙofofi don hana irin wannan kewayen, gaba ɗaya a cikin kanel, ko akwai hanyar da ta fi dacewa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Haka Ethernet yake, domin firam ɗinsa, wato ƙunshin saƙon da yake aikawa, ba shi da ƙidayar TTL irin ta fakitin IP da za ta kashe shi idan ya daɗe yana yawo. Ni dai ina ganin ka bar wa kanel abubuwa biyu kawai: matsayin kowace ƙofa, wato ko a toshe take, ko tana koyo, ko tana turawa, da kuma miƙa saƙonnin BPDU, waɗanda gadoji ke aika wa juna don gudanar da STP, masu zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:00 ga wata manhaja da ke wajen kanel. Linux yana ɗauke da tsohon STP na ƙa'idar 802.1D a cikinsa, inda ƙofa ke jiran daƙiƙa 30 kafin ta fara turawa, amma RSTP, sabon salon STP mai sauri, manhajoji irin mstpd ne ke gudanar da shi daga waje, kuma gyaran kuskure a can ya fi sauƙi ƙwarai.

Amsa ta biyu: Na yarda da wannan, da sharaɗin kowace ƙofa ta tashi a toshe har sai manhajar da ke wajen kanel ta buɗe ta, in ba haka ba kewayen zai dawo duk lokacin da aka kunna na'urar. Ka kuma duba teburinka: adireshi yakan tsufa a goge shi bayan daƙiƙa 300, amma idan tsarin hanyoyi ya sauya, ana rage wa'adin zuwa daƙiƙa 15. Idan adireshi ya bayyana ta wata ƙofa daban, a sabunta shi nan take. Tunda ana karanta teburin a kan kowane firam, makulli guda zai jawo jinkiri, shi ya sa Linux ke karanta shi ta hanyar RCU, wadda ke ba da damar karatu ba tare da jiran makulli ba.

Amsa ta uku: Ka gwada komai a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, tukuna, inda za ka ƙulla kewayen da gangan ba tare da ka durƙusar da hanyar sadarwar mutane ba.