Farin sukari da mazarƙwaila: wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar sukari. Farin sukari sai an tace shi a masana'anta, a ɗauko shi tun daga Legas har Sakkwato, a biya mota a biya 'yan dako. Mazarƙwaila kuwa raken fadama ne, ba ta bi ta kowace masana'anta ba. To me ya sa idan an ɗora a sikeli, sau da yawa ba ta fi shi araha ba? Ga kuma sukarin fakiti mai ruwan ƙasa na manyan kantuna, shi ya fi su duka tsada. Mai sana'ar kunu da alewa wanne ya kamata ta riƙe?

Malam Na-Fadama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tana cikin rake shi kanshi. Kilo 100 na rake, in anka sa shi ƙaramin injin matsa, ruwan da za shi bayarwa bai cika wuce lita 55 zuwa 60 ba, sauran zaƙin ya tafi cikin tuƙa. Babbar masana'anta tana bi da raken ta injuna jere, tana jiƙa tuƙar da ruwan zafi tana sake matsewa, har ta ƙwace sama da kashi 90 cikin ɗari na zaƙin. Ga asara ta farko ke nan.

Sai dahuwa. Daga wancan ruwa, abin da ke zama mazarƙwaila kamar kilo 10 ne. Ma'ana kusan lita 45 sai ta bi iska a buɗaɗɗen kasko, mutum na tsaye yana iza wuta da busasshiyar tuƙa, wani yana kwashe kumfa. In ba a kwashe kumfar nan da kyau ba, curin ya fito baƙi da ɗanɗanon ƙauri. In wuta ta yi yawa a ƙarshe, ya ƙone ya yi ɗaci. In anka sauke kafin ya kai, ba ya daskarewa a kwano. Gwajin shi ne a ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi tauri to ya kai. A ma'aunin zafi wajen digiri 118 ne.

Abin da ya fi kashe masu wanga aiki shi ne jinkiri. Rake in an sare shi, a matse shi cikin kwana guda. In ya kwana biyu uku cikin zafin Sakkwato, zaƙin shina juyewa ya koma nau'in da ba ya ƙanƙara, sai a samu curi mai danƙo wanda ba mai saye da daraja. Duk wannan asara kan farashi take komawa.

Alhaji Dillali:
Malam ya yi bayanin gefen gona, bari in ƙara na buhu. Yawancin farin sukarin da ke kasuwarmu ba daga raken Najeriya ya fito ba. Ɗanyen sukari ake shigowa da shi a jirgin ruwa, mafi yawa daga Barazil, matatun Dangote da BUA da Golden Sugar su tace shi a bakin teku, su ƙara masa bitamin A kamar yadda doka ta wajabta, su zuba a buhu mai kilo 50. Akwai wanda ake yi daga gona kai tsaye, irin na Savannah a Numan da na Sunti a jihar Neja, kuma tun 2012 gwamnati ta amince da babban shirin bunƙasa noman rake, amma har yanzu na gida ɗan kaɗan ne a cikin abin da ƙasa ke sha.

Saboda haka farashin buhu dala yake bi, sai dizal na tirela, sai kuma azumi lokacin da kowa ke nema. Kowa ya ga yadda ya yi tsalle bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yunin 2023. Ita mazarƙwaila kaka take bi: lokacin saran rake da sanyi tana sauka, a ƙauyen da ake dafa ta ma tana iya fin sukari araha ƙwarai. Da damina ta kama sai ta hau, don ajiyarta wuya. Wanda ya ce wannan ya fi wancan araha, a tambaye shi a wane wata, kuma a wace kasuwa.

Kuɗin tacewa da kike tunani, Hajiya, idan aka raba shi a kan dubban buhuna a rana, abin da ke faɗowa kan kilo guda bai taka kara ya karya ba.

Inna Mai Alkaki:
Ɗiyata, kar ki gwada curi da kwano, ido na ruɗi. Ki kai su sikeli ki fitar da kuɗin kilo na kowanne. Sannan ki tuna farin sukari kusan dukansa zaƙi ne, mazarƙwaila kuwa akwai laima da sauran abubuwan rake a cikinta. Aikin da kilo 1 na sukari zai yi, sai kin sa mata kamar kilo 1 da giram 200. A misali, in kilon sukari naira 1,200 ne, sai kilonta ya sauko 1,000 kafin su yi kunnen doki. Ki cire kuma abin da rariya za ta tare, don dole ki narka ta da ruwa kaɗan ki tace, akan samu yashi da ɓurɓushin tuƙa.

Kunun gero da kunun tsamiya da dakuwa suna karɓar ta, ƙamshinta ma na jawo mai saye, kina iya yin rabi da rabi. Amma tuwon madara da gullisuwa ki bar su da fari. Mazarƙwaila na da ɗan tsami, in ta shiga madara tana tafasa sai ta tsinke, launin ma ya dushe. In dole ne, ki sauke madarar ta huce kafin ki zuba. Alewa mai ƙaras-ƙaras ita ma fari take so. Ta mazarƙwaila tana jan laima ta manne da leda.

Wajen ajiya, ki sa ta a bokiti mai murfi, kar ki aje a ƙasa. Da damina ki sayi ta sati guda kawai, in ba haka ba ta yi gumi, ta narke, ta yi fumfuna.

Baban Sadik:
Sukarin fakiti mai ruwan ƙasa da ba a taɓo ba: galibinsa farin sukari ne da aka mayar wa baƙin ruwan rake mai kauri, kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, don launi da ƙamshi. Tsadarsa ta kwali ce da ƙarancin masu saye, wani kuma daga waje ake kawo shi a shirye. Mai sana'a na iya samun kusan irinsa idan ta gurza mazarƙwaila ludayi guda ta cuɗa da ludayi huɗu na fari.

A kuma daina sayar da ita da sunan maganin ciwon sukari. Akwai ɗan sinadarin ƙarfe a cikinta, gaskiya ne, amma tana ɗaga sukarin jini kamar yadda fari ke ɗagawa.

Maman Ikram:
Allah ya saka da alheri. Inna, wajen saye fa, ta yaya ake gane mai kyau?

Inna Mai Alkaki:
Ki ce a fasa miki curi ɗaya. Cikinsa ya zama launin ruwan zuma, a bushe, mai gari-gari in kin murza. Ki ƙwanƙwasa biyu da juna ki ji ƙara. Wadda ke lotsawa a yatsa ko take warin tsami ruwa ne ya yi mata yawa, kuma a kan sikeli kuɗin ruwan nan za ki biya.