Yaya zan tsara zaɓen 'yan wasa a gasar fantasi ta NFL (babbar gasar ƙwallon Amurka)?

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokan aikina a Amurka sun saka ni cikin gasarsu ta fantasi a manhajar ESPN, inda kowa ke zaɓen 'yan wasan gaske ya haɗa ƙungiyarsa, yana samun maki bisa ƙwazonsu a fili, mu 12 ne, kuma ni ne na farko a layin zaɓe. Wane shiri ya kamata in yi kafin kakar ta fara a Satumba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba dokar maki, domin idan ana ba da maki ɗaya ga duk cafewa, darajar masu karɓar ƙwallo tana ƙaruwa sosai. Sannan ka sani cewa layin yana juyawa a kowane zagaye, saboda haka bayan zaɓenka na 1 sai na 24 da na 25. A wannan doguwar tazara za a kwashe gwanaye da yawa, shi ya sa nake ganin ya fi kyau ka kasa sunayen 'yan wasa rukuni-rukuni bisa ƙwarewa, idan rukuni ya kusa ƙarewa ka ɗauka daga cikinsa.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar ɗaukar mai jefa ƙwallo, tunda ɗaya kawai ake sakawa a yawancin gasa. Mai buga ƙwallo da ƙafa kuwa, bar shi sai zagayen ƙarshe.

Amsa: Ƙari a kan haka, kowace ƙungiya tana buga wasa 17 cikin mako 18, wato tana hutun mako ɗaya da 'yan wasanta ba za su kawo maka maki ba, don haka ka rubuta makon hutun kowane ɗan wasa a gefen sunansa.