Wace kalma za mu ba "perception"? Ni dai na tsaya a kan "riska"

Ina koyar da falsafa a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, nan Tahoua, da Faransanci kamar yadda tsari ya ce. Duk shekara idan muka zo kan perception, sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, a faɗa mana da Hausa." Na daɗe ina kewaye-kewaye. Bana na jefa muku tambayar a wannan dandali, kun kuwa amsa, Allah ya saka da alheri. Ga inda muka kwana.

Tushen wahalar shi ne, Bahaushe ya kasa ƙofofin jiki gida biyu, gani da ji. Ido ke gani, sauran duk ji ne: ka ji kiran salla, ka ji ƙanshin kilishi, ka ji ɗacin magani, ka ji sanyin hunturu, har ka ji Hausa. Perception ta haɗa su duka, ba ta kuma tsaya ga gaɓɓai ba. Haske ya shiga ido, wannan aikin ido ne. Ka ce "ga raƙumi can", to ƙwaƙwalwa ta sa hannu. Wannan na biyun nake nema wa suna.

Wata malama daga Yamai ta ce fahimta ce. Malama, ai mutum na fahimtar lissafi ido rufe, babu abin da ya taɓa jikinsa. Wasu suka ce tsinkaye. Kalma ce mai daɗi, sai dai ta ido ce, ta nesa kuma. Ba a tsinkayar gishiri a miya.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne, malamin zaure a unguwarmu, da ɗansa ya karanta masa muhawarar. Ya aiko a ce mini: "Ɗana, me kuke wahala? Larabawa idraki suke cewa, mu kuwa tun kaka da kakanni da riska muke fassara shi." Baba, ka yi gaskiya. Wanda ya riski raka'a ya riski salla, haka muka ji a zaure. A Suratul An'am, aya ta 103, inda aka ce gannai ba sa riskar Allah, nan ma riska malamai ke sawa, kuma maganar ido ake. Da na koma kan ita perception ɗin, sai na tarar asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin kamawa. Larabci ya ce cim ma abu, Latin ya ce kama shi, Hausa ta ce riskarsa.

Sai wani ƙanena ya jefo tambayar da ta hana ni barci. Ya ce: "Yaya, riska fa tana nufin ka kai ga abin. To kawalwalniya fa? Me aka riska?"

Duk wanda ya bi hanyar Abalak da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da yake nufi. Ruwa kwance a kan kwalta yana walƙiya, mota na matsowa yana ja da baya. A wannan hanyar dai, in kun iso Tabalak, ga ruwa na gaske, da masunta da shanu a baki. Daga nesa ido bai bambanta su sosai.

Amsata ita ce, ko a kawalwalniya an riski wani abu. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa hasken da ya taho daga sararin samaniya, ya shigo ido ta ƙasa. Hasken na gaske ne. Ƙwaƙwalwa ce, da ta saba ganin sama a ƙasa idan akwai ruwa, ta yanke hukunci cikin gaggawa. Ibnul Haisam, masanin haske da gani, haifaffen Basra wajen 965, ya faɗi haka a Kitabul Manazir da ya rubuta a Masar: haske ke shigowa ido, kuma a cikin gani akwai hukunci mai saurin da mutum ba ya lura ya yi shi. Ya ware sashe guda sukutum don kurakuran gani. Helmholts, masanin kimiyya na Jamus, ya sake tayar da zancen a 1867, har yau masana halayyar ɗan Adam na kai. Irin wannan kuskure kuwa muna da sunansa tuntuni: ido ya yi maka gizo. Riska ke nan, da gizon ido.

Saura réalisme, wato ra'ayin cewa abu na nan ko an riske shi ko ba a riske shi ba. Mutane da dama sun ce zahiranci, ni kuwa na ƙi, da gaske na ƙi. Zahiri shi ne abin da ya bayyana, kuma kawalwalniya ma a zahiri ruwa ce. Banda haka, almajiri na jin sunan zai tuna Zahiriyya, mazhabar su Ibnu Hazam. Haƙiƙanci ya fi, daga haƙiƙa. Mai cewa randar da ke gabansa ita kanta yake riska, nasa haƙiƙanci na kai tsaye ne. Masanin falsafa Jon Lok na Ingila, a 1690, ya ce randar na nan amma surarta ce ke isowa zuciya, wannan na sa masa haƙiƙanci mai ɗan aike. Bakli na Ayilan, a 1710, ya ce babu wata randa bayan surar, samuwar abu ita ce a riske shi. Shi ya fita daga gidan gaba ɗaya.

Jiya na gwada kalmomin a aji da misalin Lok na ruwa. Na kawo kwano uku: ruwan ƙanƙara, ruwa mai zafi-zafi, da ruwan randa a tsakiya. Wata ɗaliba ta tsoma hannun dama a na zafi, na hagu a na ƙanƙara, ta jima, sannan ta zura duka biyu a na tsakiya. Ta yi shiru tana duban kwanon. Can ta ɗago ta ce, "Malam, na dama ya riski sanyi, na hagu ya riski ɗumi, ruwan kuma ɗaya ne." Ban sa ta faɗi kalmar ba, ko allon da na rubuta ta ma a bayanta yake.