Ya haddace ƙa'ida amma ya kasa warware tambaya: yaya kuka yi da naku?

Maman ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana kawo ƙa'idojin lissafi da ka ba gargada, amma da an ɗan juya tambaya sai ya tsaya cak. Abin ya dame ni ƙwarai. Wanda ya taɓa fama da irin wannan don Allah ya taimaka.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kowace shekara sai na samu masu rubuta (a+b)² = a² + b². Ba na gaggawar yi musu gyara, cewa nake su sa 2 da 3 su gani. Ɓangare ɗaya ya ba da 25, ɗayan 13, to ina 12 ta shiga? Sai mu zana murabba'i mai tsawon gefe 5, mu raba kowane gefe zuwa 2 da 3. Gida huɗu ke fitowa: mai 4, mai 9, da guda biyu masu 6 kowanne. Ga 12 ɗin nan, ita ce 2ab. Yaron da ya zana wannan da hannunsa da wuya ya sake mantawa.

Babbar yaya: Ƙanina f(x) ce ta sha masa kai, ya ɗauka f sau x ake nufi. Na ce masa inji ne, ka zuba lamba wata ta fito. In f(x) = 2x + 3, ka zuba 4, 11 za ta fito. Da aka kawo f(x+1) sai ya ƙara 1 a ƙarshe, ya samu 2x + 4. Na sa ya maye kowace x da x+1 cikin baka, ya samu 2x + 5 da kansa.

Baban 'yan mata: Tawa ta iya juya rubu'i ta ninka, rabi a raba da rubu'i ta samu 2, amma ta ƙi yarda da amsar, wai rabawa ai ragewa take yi. Na ba ta takarda ta naɗe gida huɗu, na tambaye ta rubu'i nawa ne a cikin rabi. Ta ƙirga da yatsa.

Tsohuwar malama: Duk na yarda, sai dai kada a raina hadda. Na ga yara masu fahimta da suka rasa maki saboda 7 sau 8 ta tsayar da su ana tsaka da doguwar tambaya. Jadawalin ninkawa dole ya zauna daram.

Malamin lissafi: Gaskiya ne Malama. Hajiya, yau da dare ya yanka alwatika a takarda, ya yage kusurwoyin uku ya jera su kai da kai. Miƙaƙƙen layi za su ba shi, digiri 180. Ya sake gwadawa da wata alwatikar daban, sannan ki gaya mana me ya ce.