Ɗana ya faɗi gwajin kofunan ruwa na Piaget, ko ni na jawo masa?

Uwa Ɗaliba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam ku taimaka min, kaina ya ɗau zafi. Na koma karatu bayan na daɗe da ajiye shi, kuma a zangon nan muna darasin girma da bunƙasar ɗan Adam. An ba mu aiki kowa ya sami yaro ya lura da shi, ya bayyana abin da ya gani da ra'ayin ɗaya daga cikin masanan. Na ce me zai kai ni neman ɗan wani ga nawa a gida, shekararsa shida da 'yan watanni.

Na yi masa gwajin Piaget, masanin da ya yi nazarin yadda tunanin yara ke bunƙasa. Kofi biyu iri ɗaya, ruwa daidai, ya yarda daidai suke. A kan idonsa na juye ɗaya cikin kofi dogo siriri, na ce wanne ya fi yawa? Ya nuna dogon. Na sake, dogon dai. 'Yar ƙanwar mijina kuwa, da ba ta kai shi shekaru ba, nan take ta ce ai ba a ƙara komai ba. Uwarta na zaune a wurin, har yau ba ta daina ba mutane labarin ba.

Ga inda matsalar take. Yana wata bakwai na sami aiki a wani gari na bar shi wurin mahaifiyata. Ba da son raina ba, lokacin aikin babansa ya tsaya, ga bashi, ga mahaifiyarsa ba lafiya, kuma wurin aikin sun ce ba a zuwa da goyo, na roƙa har na gaji. In na sami hutu nakan leƙo. Sai da ya wuce shekara ɗaya da rabi na ɗauko shi. To yanzu na karanta wani masanin, Erikson, ya ce daga haihuwa zuwa wajen shekara ɗaya da rabi ne yaro ke koyon amincewa da duniya ko rashin amincewa, ga kuma maganar Bowlby a kan shaƙuwa da uwa. Daidai lokacin da ba na nan ke nan. Tun ranar kullum da dare sai na zaunar da shi da kofuna da maɓallai, yanzu da ya ga na ɗauko kofi sai kuka. Kuma yana yawan magana shi kaɗai in yana wasa. Ni na ɓata masa ƙwaƙwalwa? Me zan yi?

Tsohon Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin karanta babin rabi kin rufe littafin. Piaget matakai huɗu ya yi: daga haihuwa zuwa shekara 2 jariri na sanin duniya da hannu da baki da ido, daga 2 zuwa 7 harshe ya buɗe amma abin da ido ya nuna shi ke rinjayar tunani, daga 7 zuwa 11 ya fara lissafa abubuwan da yake iya gani da taɓawa, daga nan sai tunanin abin da ba ya gabansa. Ɗanki shekara shida. Amsar da ya ba ki ita ce Piaget ya ce ɗan shida zai bayar. Tsawon ruwan yake kallo, bai iya haɗa tsawo da faɗi a lokaci guda ba, bai kuma iya mayar da juyin baya a ransa ba. Ba faɗuwa ya yi ba, ya ma rubuta miki aikinki.

Maganar surutu shi kaɗai kuma, je ki karanta Vygotsky, mutumin Rasha da aka haifa shekara ɗaya da Piaget, 1896, tarin fuka ya kashe shi a 1934. Ya ce wannan surutun shi ne yadda yaro ke yi wa kansa jagora, daga baya ya koma tunanin zuci. Ni ina bayan Vygotsky ɗari bisa ɗari. Ki ci gaba da koya masa, amma a tazarar da ke tsakanin abin da yake iya yi shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. Ki bar shi ya juye ruwan da hannunsa ya mayar.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ƙanwar mijin nan ce ta ba ni haushi. Ni ma haka na sha, ɗaya daga cikin nawa ta riga ɗan'uwanta tafiya, dangi suka ishe ni da ko a kai shi a duba ƙafarsa. Ciki ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya fa. Wadda ta fi kowa surutun yanzu nata ɗan ko sunansa bai iya rubutawa ba, ban ce komai ba. Ki daina gwada ɗanki a gaban mutane.

Mai Karatun Digiri na Biyu:
Malam, da girmamawa, ban yarda ta ci gaba ba. Yaro yana kuka da ganin kofi, wace tazara ta rage? Shi Piaget har suna ya sa wa masu tambayar yadda za a hanzarta matakan nan, yakan kira ta tambayar Amurkawa. Sannan shi gwajin yana da lam'a. A 1974 McGarrigle da Donaldson sun yi shi da layi biyu na 'yan abubuwan ƙirga, amma maimakon babba ya baza layin da gangan sai 'yar tsana ta zo ta hargitsa shi kamar da ɓarna. Yaran da suka amsa daidai suka ƙaru sosai. Dalilin da suka bayar, in babba ya canja abu a gabanka ya sake yi maka tambayar da ka riga ka amsa, sai ka ɗauka wata amsa yake so. To ina ga in babban nan uwarka ce, ga fuskarta a murtuke.

Anti, ki raba abu biyu da kika cakuɗa. Piaget tunani yake magana, Erikson da Bowlby zuciya da dangantaka. Babu inda ɗayansu ya ce barin yaro wurin kaka na hana shi gane ruwa a kofi. Rahoton da Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya fi karkata ne ga yaran da suka rasa gida, waɗanda ke gidajen marayu da asibitoci babu mutum ɗaya tsayayye a kansu. A 1964 Schaffer da Emerson sun bi jarirai 60 a Glasgo suka ga da yawansu sun shaƙu da fiye da mutum ɗaya, har da uba da kakanni. Ɗanki hannun kakarsa ya zauna.

Uwa Ɗaliba:
Na gode, amma ku fahimce ni, ba dukansa nake ba, kuma ba ya wuce ɗan lokaci. Kukan ma na shagwaɓa ne, babansa ke ɗaure masa gindi. In ɗan shida ba ya iyawa, ita yarinyar yaya aka yi ta iya? Kuma ba ku san mahaifiyata ba, tana da kirki amma ba mai yawan magana ba ce, ƙila shi ya sa.

Tsohon Malamin Firamare:
Shekarun nan ƙiyasi ne, jerin matakan ne Piaget ya ce ba ya canjawa. Wani ya riga, wani ya biyo baya. Kai kuma ɗan digiri na biyu, na koyar da yara tun ba a haife ka ba. Wannan aƙidar ta a zuba wa yaro ido har ya nuna da kansa ita ta cika mana aji da waɗanda ba su iya karatu ba. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani shugaban makaranta da ya hana ni zama da masu rauni bayan an tashi, wai ina takura musu. Ƙarshenta iyayen da kansu suka riƙa biyo ni. Ko kalmar nan ta kafa wa yaro tsani, da Wood da Bruner da Ross suka kawo a 1976, ma'anarta babba ya tallafa sannan ya janye a hankali. Ba su ce ya naɗe hannu ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Tambayoyin da ba wanda ya yi: malamansa me suke cewa? Yana jin magana da kyau, yana haɗa zance, yana wasa da sauran yara? In ya ji ciwo wurin wa yake gudu? Ainsworth, da ta lura da iyaye mata da jariransu a Yuganda a shekarun 1950, irin wannan take kallo, wato wanda yaro ke nufa in ya tsorata. In akwai abin da ke damunki a jinsa ko maganarsa, likitan yara za ki gani, ba mu ba.

Mai Karatun Digiri na Biyu:
Malam, shekaru ba hujja ba ne. Tun da Erikson ta kawo, shi ya ce daga wajen shekara 6 zuwa 12 abin da yaro ke fama da shi shi ne jin “na iya” ko jin “ban kai ba”. Tana kukan matakin da ya wuce, alhali wanda yake ciki yau ne ake gwada shi kowane dare da abin da ya san zai faɗi.

Maman 'Yan Biyu:
Ku dai maza da gardama. Ta ce ƙanwar miji na yawo da ita, ba wanda ya tanka.

Uwa Ɗaliba:
Anti nas, makaranta ba su ce komai ba, ni ma ban tambaya ba don kada a sa masa ido. Wurina yake gudowa, wani lokaci babansa. Amma ba zan daina kwata-kwata ba gaskiya, ba zan zauna ina kallo a wuce shi ba. Zan dai ajiye kofunan in koma maɓallai. Yanzu aikin nawa da Piaget zan rubuta ko da Vygotsky? Malamin namu ba ya son a haɗa biyu, kuma ranar Litinin ake karɓa.

Tsohon Malamin Firamare:
Vygotsky.

Mai Karatun Digiri na Biyu:
Gwajin Piaget ta yi, Malam, ta yaya za ta rubuta Vygotsky?

Sabon Shiga:
Salam. Don Allah tun da ana maganar, matakan Kohlberg na yadda mutum ke gane daidai da kuskure, shida ne ko uku? Gobe muke da jarrabawa.