Me ya sa fina-finanmu masu dogon zango ba sa wuce falo da ƙofar gida?

Telan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne nan Katsina, kuma yawancin kallona da kunne nake yin shi, don mai keke ba ya ɗaga kai sai in zare ya tsinke. Wayar tana jingine jikin gwangwanin maɓallai, ni ina ɗinki tana yi. A haka na bi Daɗin Kowa tun farkon zuwansa a Arewa24, na bi Kwana Casa'in da ya shigo a 2019, ga Labarina, ga Izzar So. Ba raina su na zo yi ba, sun raka ni aikin dare na sallah ba sau ɗaya ba.

Abin da ya kawo ni shi ne, akwai yarona na shago da ke karatu a poli, da yamma yake zuwa ɗinki. Shi ya turo mini kashi ɗaya na wani shirin Ingila, Black Mirror, wanda aka yi a 2013. Wata mata ce abokin zamanta ya rasu a haɗarin mota, bayan rasuwar ta gane tana da ciki. Sai ƙawarta ta sa ta cikin wata manhaja da ke kwashe duk saƙonnin da mamacin ya taɓa rubutawa a intanet, ta riƙa ba ta amsa da irin lafazinsa. Daga rubutu aka koma murya, ta riƙa kwana tana waya da shi. Ƙarshe har gangar jiki aka kawo mata cikin kwali, kamarsa sak. Amma abin ba ya musu, ba ya fushi sai in ta ce ya yi, ba ya barci. Ta kasa zama da shi, ta kasa yar da shi, ta kai shi ɗakin sama ta ajiye.

Yaron ne ke fassara mana. Wata Hajiya da ta zo karɓar ɗinkinta tana tsaye bakin ƙofa, ta ce a'uzubillahi, wannan ai tada matacce ne, a kashe. Amma ba ta tafi ba. Ta jawo benci ta zauna da ledarta a cinya har aka gama, sannan ta ce, "To ita takabar fa, ya aka yi da ita?" Har yau in an taru a shagon sai an tada musun.

Ni abin da na lura da shi daban ne. Babu jirgin sama jannati a ciki, babu harbe-harbe. Gida ɗaya ne, waya, mota, da 'yan wasa da ba su cika hannu biyu ba, kuma bai kai awa guda ba an gama labarin. Kayan aikin nan duk muna da su. To me ya hana mu? Kullum Alhaji ya rasu an ɓoye takardun gida, ko yarinya tana son talaka uba ya ce sai ɗan abokinsa. Akwai wani shiri da nake bi, ba zan kama suna ba, mota ta shigo get, maigadi ya ruga, a buɗe ƙofa, a fito, a gaisa, a hau bene, ni kuma na gama haɗa hannun riga ɗaya ba a ce komi ba. Tambayata: in aka yi mana ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, za mu kalla kuwa, ko dai ni ne yaron nan ya ɗaure wa kai?

Uwar 'Yan Biyu, Rafin Daɗi:

Wa alaikumus salam Malam tela. Ashe abin da ke hana a gama mana ɗinki kan lokaci ke nan.

Ni dai ban yarda da kai ba. Kuna cewa kullum gado da kishiya, to mi ke kai mutane kotun shari'a kullum safiya in ba su ba? Ni na ga macen da aka fitar daga gidan mijinta kwana kaɗan bayan ta fita takaba, da 'ya'ya huɗu. In ta zauna ta ga irin labarinta a talabijin, ta ga an nuna wanda ya ci dukiyar marayu ya ƙare a wulaƙance, ko ba komi ta samu sanyi. Mutum-mutumi a cikin kwali mi zai yi mata?

Sannan a yi hattara da abin da ya shafi rai da mutuwa. Su can ba ruwansu, mu kuwa akwai iyaka. Inda na bi ka shi ne jan labari. Kashi guda rabinsa tuna baya ne, abin da muka gani makon jiya a sake nuna mana shi da kiɗan tausayi, data tana tafiya.

Tsohon Malamin Firamare, Daura:

Ɗana tela, tambayarka ta yi kyau, sai dai ka ɗauka abin baƙo ne, alhali mun riga mun taɓa shi muka saki. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. Yaro ne Bahaushe aka ɗauka aka yi sama da shi cikin taurari. Na karanta wa 'yan aji shi da bakina, kuma na ga yadda ajin da ba ya shiru yake yin tsit. Kafin shi ma, Malam Bello Kagara da ya koyar nan Katsina ya kai Ganɗoki ƙasar aljannu, Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kunnen Bahaushe bai taɓa ƙin labarin abin da ido bai gani ba. Mu da aka raina da Gizo da Ƙoƙi?

Amma ka bambance abu biyu. A labarin aljani, duk abin da mai labari ya ga dama shi ke faruwa, in jarumi ya shiga uku sai a kawo tsohuwa ta ba shi laya. A labarin kimiyya dole ka kafa doka tun farko ka kuma bi ta. Abin da ka ba mu labari, ka ce bai san komi ba sai abin da mamacin ya rubuta a intanet. To wannan ce dokar, daga ita duk baƙin cikin matar ya fito, don mutum ba ya rubuta ɓacin ransa da shirunsa a waya. Rubutun irin wannan shina da wuya, sai marubuci ya zauna ya yi tunani kamar mai lissafi. Kuma lissafin ma ba baƙonmu ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan murabba'an lissafi, wato jeren lambobi da kowane layi jimlarsa ɗaya, da Larabci a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yara nawa ne a Katsina suka san sunansa yau?

Ga Hajiya Uwar 'Yan Biyu kuma, ina ganin ba a saɓa ba. Lokacin da muke taruwa gidan mai talabijin ɗaya a unguwa don kallon Samanja, ba barikin soja muke zuwa gani ba, halin mutane muke kallo. Ko a duniyar wata aka kai Bahaushe, da surukarsa zai tafi.

In da ni ne mai rubutawa, ruwa zan ɗauka. Nan Daura labarinmu na farko ma na ruwa ne: rijiyar Kusugu, macijin da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. A mayar da shi shekara sittin nan gaba, hamada ta matso, rijiya ɗaya ta rage a gari, kuma wanda ke tsaronta ba maciji ba ne, na'ura ce mai karanta kati. Wa ke da katin? Wa ya ba shi?

Mai Gyaran Waya, Sabuwar Unguwa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan na rijiyar ni zan fara kallo.

Oga tela, maganar kuɗi da ake fakewa da ita, su ma Turawan da talauci suka fara. Star Trek na farko a 1966 ya fito. Na'urar nan da ke ɓatar da mutum daga cikin jirgi ya bayyana a ƙasa, wadda kowa ya san shirin da ita, rashin kuɗi ne ya haife ta. Nuna saukar jirgin kowane mako ya fi ƙarfin aljihunsu, sai suka ce to a narkar da mutanen kawai a haɗa su a can.

Doctor Who kuma na BBC, tun 1963 ake yin shi. Jirginsa akwatin wayar 'yan sanda ne shuɗi, ciki ya fi waje girma. A 1966 jarumin farko, William Hartnell, rashin lafiya ta hana shi ci gaba. Maimakon su rufe shirin, sai suka rubuta cewa shi Doctor ɗin, da yake ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya gaji yakan sake sabon jiki da sabuwar fuska, aka kawo Patrick Troughton. Dabarar nan ce ta riƙe shirin har yau. Ka tuna surutun da aka sha lokacin da fuskar Sumayya ta canza a Labarina? Su sun mayar da irin wannan matsalar ta zama jigon labari.

Ga wanda zai ba ku mamaki. BBC ta goge kaset ɗin shirin da yawa a shekarun 1960 da 1970, don a lokacin ba su ɗauka za a sake nema ba. A 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikin waɗanda suka ɓace a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Na zamanin Troughton ne, na 1967 da 1968, an sayo su don nunawa a nan aka manta da su kan kanta. Abin da Landan ta rasa, Jos ta adana. Ni abin da ke damuna, namu na da fa, irin su Karkuzu da wasannin Kasimu Yero, wa ke farautarsu?

Kuma masu cewa ba za a kalla ba su zo shagona su ga abin da yara ke cewa a tura masu. Fim ɗin Indiya na mutum-mutumin nan Chitti, fassarar Hausa, har tsofaffi sun san shi.

Ɗan Bayan Kyamara:

Na ɗan yi aikin riƙe fitila da makirfo a wasu shirye-shirye, bari in faɗa maku yadda abin yake daga ciki. Furodusa ba ya ƙin sabon abu don jahilci. Dogon zango shi ke ciyar da shi. Ka kama hayar gida ɗaya, ka tara 'yan wasa, ka ɗauki kashi da yawa a zama ɗaya, ka riƙa saki duk mako. YouTube da talla yake biya, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa kaɗan ne, don haka dole kashin ya yi tsawo, dole mai kallo ya dawo mako mai zuwa neman Alhajin da ya saba da shi. Masu ba da tallar atamfa da filaye da turare su ma fuskar da aka sani suke bi. Motar da ke shigowa get a hankali, tela, ba mantuwa ba ce, minti ake cikawa.

Irin wanda ka kalla kowane kashi sabon labari ne, sabbin mutane, sabon wuri. Marubuci kuma shi ne wanda aka fi rainawa wajen biya. Ga hukumar tace fina-finai a Kano, wadda sai ta duba kafin a saki, to labarin da ya taɓa matacce kowa zai ji tsoron zuba kuɗinsa. Ba na cewa ba zai yiwu ba. Na Legas ma sai da Disney ta shigo aka yi Iwájú a 2024, kashi shida, zane ne kuma.

Telan Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Baba, yarona ya ce zai nemo littafin Umaru Dembo, in ya samu a shago za a karanta shi da ƙarfi.

Hajiya, ban ce a bar gado da kishiya ba. Ga abin da ya zo mini ina yankan wata shadda. Katsina ce, shekara hamsin nan gaba. An kawo na'urar rabon gado, ba ta karɓar cin hanci, ba ta jin kunyar kowa, ana ɗiga mata jinin magada ta fitar da kason kowa yadda shari'a ta tsara. Alhaji ya rasu, iyali sun taru a falo, matansa uku, babban ɗa ya riga ya sa hannu a kan makullan shaguna. Yarinyar gidan mai aiki ta kawo ruwa, gilashi ya fashe ya yanke ta, jini ya ɗiga inda bai kamata ba. Na'ura ta ƙara mutum ɗaya cikin lissafi. Daga nan rigima ta koma kan malamai: shin maganar na'ura hujja ce, alhali nasaba da aure take tabbata ba da jini kawai ba? Uwargida kuma ta san gaskiyar tun shekara ashirin, ta yi shiru. Babu tada matacce, babu abin da ya taɓa aƙida, kuma falon nan dai da kuka saba ne. Ki faɗa mini tsakani da Allah in za ki canza tasha.

Ɗan Bayan Kyamara, irin wannan nawa zai ci, in an yi shi kashi ɗaya na minti arba'in?

Ɗan Bayan Kyamara:

Ba zan yanke maka kuɗi a nan ba, ya danganta da 'yan wasan da ka ɗauko. Amma ka rage magadan su koma biyar, ka bar komi cikin gida ɗaya, kuma ka guji fitowar dare don fitila da janareta su ke cin kuɗi. Na'urar kada ka nuna ta da yawa, ƙaramin akwati da murya sun isa, Mai Gyaran Waya zai iya haɗa maka da tsohon allon waya. Ka samu malamin da ya san mirasi ya duba lissafin kafin komi, don in ka kuskure kason mace ɗaya, shi kaɗai za a yi ta magana a kai. Rubuta shafi uku tukuna ka turo in gani.