Musayar waƙa: Dimitirin Rasha da masu aron sunansa

Bakano:
Sarkin Rasha Iban mai ban tsoro da ya kwanta dama,
Ya bar ƙaramin ɗansa Dimitiri a baya.
A garin Ugulic, a 1591,
Aka iske yaron da yanka a wuya.
Basarake Shu'iski ya zo bincike, ya ce farfaɗiya ce
Ta kā da shi kan wuƙarsa, ya bar duniya.

Bazazzagiya:
Kai ɗan Kano, ciniki ka iya ba tarihi ba,
Ka auna rabin mudu, ka ɓoye gaskiya.
Ƙararrawar da aka kaɗa ta tara jama'a,
An cire mata harshe, an yi mata bulala, an kore ta zuwa Saiberiya.
In ƙarfe ya sha hukunci don ya yi kuka,
Wa zai wanke Boris Godunob mai riƙon mulki daga wannan tsiya?

Ɗan Agadas: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Yau Kano sai ta koma kasuwa.

Malam Mai Aruli: Ku dakata da tafi. Ɗango na huɗu ya ninka 'yan uwansa tsawo, karin ya karye. Ƙanwata, ki rera shi da baki ki ji, numfashi zai ƙare kafin ki isa Saiberiya.

Bazazzagiya: Malam, hukunci uku aka yi wa ƙararrawar. Wanne zan zubar don gaɓa ta daidaita?

Malam Mai Aruli: Ki raba shi baiti biyu. Magabata ba su taɓa sayar da ma'auni don labari ba.

Ɗan Agadas: To me ya sa ba ka ƙirga na Bakano ba? Wa zai iya rera 1591? Son kai ne, Malam.

Bakano:
Yarinyar Zazzau, zargi ba hujja ba ne,
Ba alƙalin da ya kama Boris da wannan ƙarya.
Yunwa ta shekara uku ta cinye ƙasar,
Mai yunwa kowa ya nuna masa, ya bi hanya.
Sai ga wani daga Folan, wai shi ne Dimitiri,
A 1605 ya hau gado ba kunya.
Uwar yaron ta rungume shi ta ce ɗanta ne,
Shu'iski ma ya lashe amansa ba tankiya.
Shekara ba ta cika ba aka kashe shi aka ƙone,
Aka harba tokar da igwa, ta koma inda ta biya.

Ɗan Agadas: Baiti biyar a jere, sai ka ce kayan koli.

Bazazzagiya:
Ka ƙirga sarakai, ka manta da matarsa Marina,
Wadda kwana kaɗan ta yi tana sarauniya.
Na biyu ya yi sansani a Tushino da sunan mamaci,
Ta ce mijinta ne, ta bi shi tafiya.
Ɗan da ta haifa, shekararsa uku kacal,
A 1614 aka sa masa igiya.
An ce an ɗauke shi a hannu zuwa wurin,
Don kada gobe wani ya ce shi ne magajin zuriya.

Malam Mai Aruli: Inna lillahi. Wannan ba zan ƙirga gaɓarsa ba. Ina da jika mai shekara uku, yana nan yana barci kusa da ni.

Bagobiri: Na makara, intanet ɗinmu ta ɗauke tun jiya. Ba wanda ya taɓo Pugacob da ya ce shi ne marigayi Sarki Bitrus na Uku a 1773? Bakano, ajiye "ya" ɗin nan, ta gaji. Zan zo da amsa-amon "ba" bayan Isha'i.